Hannun Inna Falmata

Awon hatsi ne ya kai ni Damargu, ba fatauci ba, ba kuma neman karatu ba. A lokacin ni malamin hakimi ne a ƙasar Daura, ina rubuta jangali da ƙidayar rumbuna da ajami da ɗan bokon da na tsinta wurin wani akawu. Shekarun nan ne da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa. Mutane ba su manta da yunwar da ta gabace shi ba, Turawan da ke riƙe da ƙasashen biyu kuwa kowa yana son ya san yawan hatsin da ake nomawa a wajensa da wanda ke tsallake iyaka. Sai dai takardunsu ba sa haɗuwa. Faransawa su rubuta ayari ya tashi daga Damargu da kwano kaza, ayarin ya iso wurinmu, mu auna mu sami fiye da haka. Kowane ɓangare yana zargin ɗaya. Daga ƙarshe suka shirya a ɗauki mutum ɗaya daga nan, mutum ɗaya daga can, su zaga ƙauyuka tare, su fito da lissafi guda. Ni aka nuna. Ban nema ba, kuma na bar Iya, mahaifiyata, kwance da ciwon ƙirji, ga shi ba ta da wani ɗa namiji sai ni.

Zangona na farko Damagaram. A barikin can aka haɗa ni da abokin aikina, Mushe Musa (Mushe shi ne Malam a bakin Faransawa), komi ne, wato akawunsu. Dogo ne, da farin wando da takalmin sau ciki, ga dariya ba ta yi masa wuya. Da ya ji daga inda na fito sai ya tafa hannu.

"Daura! Ai kakanninmu sun saba zuwa ɗibar hatsi garinku, Malam Habu, kuma ban ji an ce sun tsaya awo ba."

Na ce masa, "Shi ya sa yanzu aka ce a auna, Mushe."

Aka kawo kwanuka biyu na ƙarfe, ƙirar maƙeri ɗaya, aka ba ni ɗaya aka ba shi ɗaya. Na ce ban yarda ba sai an gwada su. Muka cika nasa da ruwa fal, muka juye a nawa, bai zuba ba, bai rage ba. Muka sāke daga nawa zuwa nasa, haka nan. Na rubuta cewa kwanukan ɗaya ne, ya sa hannu, na sa.

A ƙofar barikin na haɗu da Sanda. Ya ji maganata sai ya taso da murna, ya ce shi ma uwarsa mutuniyar Daura ce, ya kama lissafa mini unguwanni, har da mai ƙosan da ke zama bakin rijiya. Wanda bai taɓa zama baƙo ba ba zai san abin da wannan ke yi wa zuciya ba. Yana da raƙumi ɗaya, muka yi ciniki zai ɗauki kayana har ƙarshen aiki. Kayan ba su da yawa: buhun geron gidanmu da Iya ta sa aka ɗura mini, da bargo, da buta, da buzu. Kwanon gwamnati kuwa da takarduna a gafaka suke, a rataye a kafaɗata, ba na sauke su sai zan yi salla.

Daga Damagaram muka yi arewa. Itatuwa suka riƙa raguwa, sama ta yi faɗi, rijiyoyi suka yi zurfin da sai an ɗaura wa sa igiya ya ja guga. Kaka ce, gonaki duk an girbe, damman hatsi jibge a bakin kowane ƙauye. Ban taɓa ganin zangarniya mai tsawon ta ƙasar nan ba. Amma ban ji daɗin kallon ba, don kullum muka ƙara zango sai in lissafa a raina cewa wanda zai kawo mini labarin Iya ya ƙara nisa da yini guda.

Zango na biyu Tanut. Kwamandan wurin gajere ne, fuskarsa ta ƙone da rana, ba ya kallon mutum idan yana magana, sai tafinta yake kallo. Ya karɓi lasifase ɗina, wato takardar da ta ba ni izinin shiga ƙasar da fita, ya karanta, ya jefa ta a aljihun teburinsa, ya murɗa makulli. Tafinta ya ce mini, "Kwamanda ya ce ranar da ku biyu kuka kawo masa lissafi ɗaya, ranar za ka karɓi takardarka." Ba tare da ita ba, gumiye na farko da ya gamu da ni a hanya, wato ɗan sandan nan mai hawan raƙumi, ɗaure ni zai yi.

Kwamanda ya tambayi yadda za mu yi aikin. Mushe Musa ya ɗaga kafaɗa. Ni kuwa na riga na tsara tun a hanya, sai na faɗa. Na farko, a ƙirga rumbunan ƙauye. Na biyu, a tambayi mai rumbu dami nawa ya zuba. Na uku, a zaro dami ɗaya daga tsakiya, a sussuke, a sheƙe a gabanmu. Na huɗu, kowannenmu ya auna tsabar shi kaɗai, a ɗaki dabam, kada ɗaya ya ga na ɗaya, sai an gama a haɗa. Na huɗun nan Kwamanda ya fi so. Ya sa aka rubuta shi da Faransanci, ya buga hatimi. Har yau ina ganin tsarin ba shi da laifi, domin mutum biyu idan suka zauna tabarma ɗaya, mai ƙarfin baki ne ke rubuta wa ɗaya.

Muka fara da wani ƙauye gabas da Tanut. Aka sussuke dami, aka kai mini tsabar zaure. Na nannaɗe hannun riga, na auna kamar yadda ake yi a gida: a cika kwano har ya yi tozo, abin da ya gangaro ya gangaro. Na rubuta. Aka kwashe aka kai wa Mushe Musa cikin gidan maigari. Da muka haɗa, nawa ya fi nasa da kwano guda da wani abu.

Na ce an zubar a hanya. A ƙauye na gaba na bi masu ɗaukar masakin da ido har ƙofa. Bambancin bai tafi ba. Na ce to, a juya, shi ya fara, ni in biyo. Ya fara, aka kawo mini, na auna, nawa ya sāke fi. Wannan ya fi tayar mini da hankali, don hatsi yana iya raguwa tsakanin ɗaki da ɗaki, amma ba ya ƙaruwa. Muka yi musayar kwanuka. Haka nan. Na wanke nawa, na duba gindinsa ko ya lotsa. Lafiyarsa lau.

Magana ta riga mu zuwa ƙauyukan gaba. Aka ce malamin Ingilishi yana da abin da yake karantawa hatsi ya kumbura, don a ƙara wa mutane lanho, harajin Faransa ke nan. Idan na yi sallama a bakin rijiya sai a amsa ciki-ciki. Mata su janye 'ya'yansu. Wani maigari, tsoho mai rawar hannu, ya biyo ni bayan masallaci ya ce, "Malam, don girman Allah, me muka yi maka? Kai Musulmi, mu Musulmi. In ka rubuta mun fi abin da muke da shi, gumiye za su zo su buɗe rumbunan nan, kai kana Daura." Na ce masa abin da kwano ya ba ni nake rubutawa. Ya dube ni ya tafi. Tun daga nan na daina shiga kasuwa, na daina zama dandali. Geron Iya nake ba Sanda ya kai a dama mini fura, in sha a masaukina. Idan na buɗe buhun nan sai in ji ƙanshin rumbunmu, in tuna tarin Iya, in kasa shan furar.

Wata rana da hantsi Mushe Musa ya same ni a inuwar wata aduwa. Ya zauna kan buzuna ba tare da na ce bismilla ba.

"Malam Habu, bari mu yi magana irin ta manya. Kwano ɗaya a dami, mene ne? Ka rubuta nawa, mu koma Tanut, ka karɓi takardarka, ka je ka ga tsohuwa."

"In rubuta abin da ban gani ba?"

"To, zo mu zauna wuri ɗaya mu auna, ka gani."

"Takardar Kwamanda ta hana. Ni na tsara ta."

"Wallahi na sani kai ka tsara ta! Kullum da ita nake kwana." Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. "Ku mutanen Ingilishi, ko aljanna aka ce ku shiga sai kun tambayi wa ya sa hannu."

Ban yi dariya ba. A raina na riga na yanke cewa masu gari suna ba shi wani abu yana rage musu, shi kuma, kamar yadda ya faɗa mini daga baya, ya yanke cewa an turo ni ne in ɓata masa suna a ba wani kujerarsa. Muka ci gaba da aiki ba mai yi wa wani magana sai gaisuwa.

Sanyi ya shigo sosai sa'ad da wani gumiye ya iso da saƙo daga Tanut. Kwamanda ya ga takardunmu na farko. Ya ce a cikinmu akwai maƙaryaci ɗaya. Mu gama da kwarin Tarka mu komo. In lissafi bai haɗu ba, komi zai sauka daga aikinsa, baƙo kuma zai zauna Tanut har wata kakar a sāke awo da wani komi. Na sa gumiyen ya maimaita. Har wata kakar. Na san Iya ba ta da shekara guda a ƙirjin nan, in ba wani ikon Allah ba.

Hanyar Tarka yamma take. Mushe Musa ya yi gaba a kan doki tare da gardinsa, wato dogarin da ke raka shi, ko sallama bai yi mini ba. Ni da Sanda muka biyo a hankali, zazzaɓi ya fara taɓa ni. Da rana ta take muka sauka kusa da wata rijiya. Sanda ya shimfiɗa mini buzu a gindin wata ƙaya, ya ce, "Kwanta, ɗan'uwa, in shayar da raƙumi in dawo. Kai da ganinka ka san jinin gida ne, ba ka saba da wahalar nan ba." Na kwanta da gafakata a ƙarƙashin kai. Da na farka inuwa ta koma gabas. Ba Sanda, ba raƙumi, ba bargo, ba buhun Iya. Ban da gafakar da buzun da nake kai, buta kaɗai ya bar mini, ita ma don tana hannuna ne.

Na bi sawun raƙumin har ya shiga cikin na wasu ɗari, na dawo na zauna bakin rijiyar. Ban yi kuka don bargo ba. Buhun nan ne, da ɗinkin bakinsa na hannun Iya.

Wani Buzu ya zo shayar da tumakinsa, fuskarsa a naɗe, idanu kaɗai a waje. Hausarsa ba ta fi kalma goma ba, ni kuma ba na jin ko ɗaya a harshensu. Ya dube ni, ya dubi sawun, ya gane. Ya tatso nonon raƙuma a akushi ya miƙo mini, ya tsaya sai da na shanye. Sannan ya durƙusar da raƙumarsa ya nuna mini bayanta. Shi ya taka a ƙasa, ni a sama, har muka hango itatuwan kwarin Tarka. Na ciro 'yan kuɗin da ke ɗaure a ƙuguna, ya ture hannuna kamar na miƙa masa garwashi, ya juya. Ko sunansa ban sani ba.

Zango na uku ke nan, Tarka, kuma na shige shi ba ni da ƙwayar hatsi. Girman kai ya hana ni zuwa wurin Mushe Musa. Washegari ranar kasuwa ce, sai na yi abin da ban yi ba tun shigowata ƙasar: na shiga layin ma'auna da kaina.

Duk suka san ni. Ta farko ta ce nata an saya. Ta biyu ta juya mini baya. Ta uku wata tsohuwa ce baƙa, siririya, da tsage a kumatu irin na Barebari, ana ce mata Inna Falmata. Ta ƙare mini kallo daga rawani har takalmi.

"Kai ne mai kumbura hatsi?"

"Ni ne baƙon, Inna."

"To kumbura wannan mu gani, in huta da talauci." Matan layin suka kwashe da dariya. Ta ce, "Dube shi, leɓe duk ya fashe. Uwarka ta san kana nan kana yawo haka? Kawo abin zubawa."

Ba ni da komai sai gefen rigata, sai na tara. Na ce kwano ɗaya nake so, na ciro na gwamnati don kada a cuce ni. Ta karɓa ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta ce irin na komi ne. Ta kafa shi cikin masaki, ta cika har ya yi tozo. Na miƙa gefen riga. Ba ta juye ba. Sai ta kewaye bakin kwanon da hannunta na hagu, tun daga gwiwar hannu har tafi, ta matse shi da ƙirjinta, ta ci gaba da ɗibar hatsi da dama tana zubawa. Hatsin ya hau, ya jingina da damtsenta, ya yi wani tozon a kan na farko. Sannan ta ɗago duka, kwano da hannu, ta juye mini.

Na ce, "Inna, kwano ɗaya na ce."

"Ɗaya na ba ka."

"Wannan na hannun fa? Gyara ce?"

"Wace gyara? Gyara sai ka saya da yawa. Wannan awo ne." Ta juya wajen maƙwabciyarta. "Ke Hadiza, ji mini mutum. A garinku da me ake awo, da ƙafa?"

"A garinmu ba a sa hannu."

Matan layin duk suka juyo suna kallona, kamar na ce a garinmu ba a wanka. Inna Falmata ta ce, "Kwano tsirara? Ku ba mutum kwano tsirara ya tafi da shi gida? Allah ya kiyashe mu da rowa."

Nan take na tuna lissafinmu da ya ƙi haɗuwa. Na tambaye ta ko ita ce za ta auna wa komi a nan. Ta ce ita ce, kamar yadda a kowane gari babbar ma'auniya ke auna masa, shi yana kan kujera yana rubutu. "Mai farin wandon nan zai tsuguna cikin ƙaiƙayi?"

Da hatsin a gefen rigata na isa masaukin Mushe Musa. Yana aske gemu a gaban ɗan madubi. Na ce, "Mushe, matan da ke auna maka, suna sa hannu?"

"Wane hannu?"

Na kwatanta masa. Ya dube ni da sabulu a fuska. "To da yaya ake awo?" Sai ya tsaya. Askar ta sauka a hankali. "Kai ba ka sawa?"

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, farin wandon da komai. Yana cewa, "Ruwa! Da ruwa muka gwada su! Wa ya taɓa yi wa ruwa tozo?" Gardi ya leƙo ya ga ko lafiya. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya share fuska ya ce, "Malam, wannan ya fi na da muni. In Kwamanda ya ji kwanon da ke cikin littattafansa ya fi na ƙarfen nan girma, zai ce shekara da shekaru ana ɓoye masa hatsi. Ni zan rasa aikina, rumbunan mutane su bi ni. Kai ka karɓi takardarka, ba ruwanka."

Gaskiya ya faɗa. Da na tafi Tanut a ranar na ce ga inda kuskuren yake, da na sami lasifase. Na tuna Iya. Na tuna tsohon nan mai rawar hannu a bayan masallaci. Na ce masa ya bar ni in bi abin daki-daki, don ban iya tunani a guje ba.

"Na farko, hatsin da ƙauyuka ke kai wa bariki, wa ke auna shi?"

"Su matan."

"Da hannu?"

"Da me kuma?"

"To ba a ɓoye masa komai ba. Da babban awo aka ƙirga, da babban awo aka biya shi. Na biyu, ayarin da ke tashi daga nan da hannu ake auna shi, ya iso wurinmu a auna ba hannu. Ga rigimar Turawan nan duka. Na uku, ba za a iya aika hannu Daura ba, kuma hannun wata ya fi na wata. Sai a yi abin da zai ci kwano da hannu a shafe, ba tozo, a yi shi biyu."

Mushe Musa ya ce, "Na huɗu fa? Kai ba ka tsayawa a uku."

"Na huɗu, hannun wa?"

Wannan ya ci mana yini. Maigarin Tarka ya tara ma'auna a ƙofar gidansa, kowace tana cewa nata ne awon kakanni. Wata ƙatuwa mai damtse kamar taɓarya ta ce a ɗauki nata. Maigari ya ce in aka ɗauki nata, bana shi da iyalinsa sai su ci kara. Na sa kowace ta auna tsaba ɗaya, na jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, na ɗauki ta tsakiya. Inna Falmata ce.

"Hannuna za a kai wa Ingilishi?" in ji ta. "To a gaya musu ya sha aiki, kada su raina shi."

Akwai masassaƙi a kwarin, mai yin turame da akusa. Ya fafe mana guda biyu daga kututture ɗaya. Inna Falmata ta zauna gefensa, ta auna da kwano da hannu, a juye a akushi, a shafe baki da kara. In ya rage wuri ya rage baki, in ya zuba ya ƙara fafewa. Tana yi masa faɗa, yana ce mata shi bai taɓa sassaƙa hannun tsohuwa ba. Kwanakin nan a gidanta nake cin tuwo, ita ta dafa mini sabara da wasu saiwoyi har zazzaɓin ya sake ni. Da aka gama muka auna rumbunan Tarka da akusan, ni a ɗakina, Mushe Musa a nasa, yadda takarda ta ce. Karo na farko lissafi ya haɗu.

Duk da haka ban sami natsuwa a hanyar komawa Tanut ba. Bature yana iya cewa wa ya ba mu izinin canza kwanon gwamnati. Yana iya cewa mun haɗa baki, tunda da muna gaba yanzu muna cin abinci tare. Mushe Musa ma ya daina ba'a.

Kwamanda ya saurari tafinta har ƙarshe. Sannan ya sa aka kawo buhu daga rumbun bariki, aka kira matar da ke auna wa sojoji abinci, ba a gaya mata dalili ba. Aka miƙa mata kwanon ƙarfe. Ta cika, ta kewaye shi da hannu, ta ƙara. Kwamanda ya miƙe daga kujera. Shekarunsa a ƙasar, ashe bai taɓa tsayawa ya ga ana awo ba, kamar yadda ni ma ban tsaya ba. Aka juye a akushi, aka shafe da kara. 'Yan ƙwayoyi suka gangaro, ba su cika tafi ba. Ya sa aka maimaita da ɗaya akushin. Ya zagaya tebur, ya dawo, ya yi wata doguwar magana.

Tafinta ya ce, "Yana tambaya, cikin ku biyu wa ya yi ƙarya ke nan?"

Na ce, "A gaya masa babu. Kwanon ne bai kai awon ƙasar ba."

Ya dubi akusan. Sannan ya sa maƙerin bariki ya ɗora wa kowanne ƙarfe mai zafi a gindi, alama iri ɗaya. Ya ce ɗaya zai zauna Tanut, ɗaya ya bi ni, kuma da su za a riƙa auna ayari a tashi da sauka. Ni dai aljihun teburin nake kallo. Ya zauna, ya rubuta wasiƙa zuwa ga Baturenmu, ya busa ta, ya naɗe, ya nemi makulli a aljihun riga bai samu ba, ya nema a na wando. Da takardar lasifasen ta shigo hannuna sai na ga ta ƙanƙance, kamar ba ita ta hana ni barci wata da watanni ba.

Mushe Musa ya raka ni har bayan gari, ya ba ni bargonsa. Ya ce, "Ka gai da tsohuwa. Ka ce mata wani Badamagare ya riƙe mata ɗa, bai ci shi ba."

Ban tsaya ko'ina ba sai don salla da ruwa. A iyaka ban tambayi kowa labarin gida ba, don ina tsoron amsar. Na shiga unguwarmu da la'asar, ina duban fuskokin mutane ko zan ga alamar ta'aziyya, kowa kuwa sai sannu da zuwa yake yi mini. A zaure na yi sallama, ba a amsa ba. Na sāke, shiru. Na shiga.

Tana tsakar gida a kan tabarma, ta zama rabin yadda na bar ta, idanun sun yi fari, kunnen ma ashe ya tafi. Masaki na gabanta, tana auna geron tuwon dare da lalube, ta cika kwano tana shafa tozon da yatsa. Na ajiye gafaka da akushin gwamnati, na durƙusa, na kewaye bakin kwanon da hannuna.

Ta ɗebo ta zuba, ba ta ji ya gangaro ba. Ta ƙara, bai gangaro ba. Sai ta lalubo, ta taɓa hannun, ta bi shi da yatsu tun daga tafi har gwiwa, ta tsaya a tabon ƙunar da na samu ina yaro.

"Habu," in ji ta, "wannan hannun ya rame." Ta riƙe shi gam. "Kuma wa ya koya maka ɓarnar hatsi?"

Na ce, "Zuba dai, Iya."

Ta zuba.